Doki Ba Ciyawa

Bari in faɗa maka wautata da bakina kafin wani ya riga ni. Da furfurata da komai, na taɓa ɗaukar kaina marubuci. Ni da na bar makarantar boko a aji biyu, ta taga, ban ko tsaya neman takalmi ba don dama ba ni da shi. Ɗan abin da nake gogawa a takarda yanzu a ajin yaƙi da jahilci na tsinto shi, bayan na tara iyali. In ka ga magana ta karkace, ka yi haƙuri da ni.

Abin ya faro ne daga 'yar ƙanena, wadda take koyarwa a wata firamare a nan Batsari. Tun da mu mutanen ƙauyuka muka kwararo gari, ajinta ya cika har bakin ƙofa, littattafai kuwa babu. Sai ita da abokan aikinta suka ce za su yi nasu. Su bi tsofaffi suna ɗaukar waƙoƙin yara a waya, su rubuta, a zana wa kowace waƙa hoto, a kai Katsina a buga. Ta zo ɗakin da muke haya don ta ɗauki na bakin matata. Ina kan tabarma ina jin su, ga ta daka, ga ta rarrashin jariri. Da na ga abin zai wuce ni, sai na yi gyaran murya na ce ai mai waƙa na gaske yana nan zaune an tsallake shi.

Ba ƙarya na yi ba. Waƙa ɗaya na taɓa yi a duniya, kuma ta yi tashe.

Ƙauyenmu yana gaba da Ruma, a bakin daji. A ƙarshen bazara, lokacin da hadari ya fara leƙowa daga gabas, ƙasa tana jiran ruwa, rumbuna sun yi ƙasa, a lokacin ne malamin gona yake zuwa da irin gyaɗa. A kan babur yake zuwa, kuma nasa ne babur na farko da ya taɓa taka garinmu. Tun yana hayin rafi muke jin sa. Wanda ke cin tuwo ya yar da loma, wanda aka aika rijiya ya ajiye guga. Mu bi shi da gudu cikin hayaƙi muna shaƙa, don a wurinmu babu turaren da ya kai warin fetur. Yakan zo da alewa a aljihu, amma wallahi ba don alewar muke gudu ba.

Kakata, mahaifiyar babanmu, ita ce mai waƙa a gidanmu. Niƙa da waƙa, kaɗi da waƙa, ko akuya za ta kora sai ta sa mata baiti. Wata safiya na same ta a kan dutsen niƙa, na rera mata abin da na haɗa don babur. Ta saurara har na gama, hannunta bai tsaya ba.

“Wagga waƙa taka gurguwa ce, maigida,” in ji ta. Haka take kira na, maigidan da bai taɓa kawo cefane ba. “Ƙafa guda ta fi guda tsawo. Sake, ka bi hannuna.”

Na sake, ina bin tafiyar ɗan dutsen. Duk kalmar da ta yi tuntuɓe sai ta ce in zubar. Yayata tana gefe tana kumbure-kumbure, don kullum goyon ƙanwarmu yake hana ta bin babur, sai kaka ta sa ta a ciki don ta huce. Ga yadda ta tsaya:

Ga shi nan, ga shi nan,
Doki ba ciyawa.
Ku fito, ku fito,
Har mai goyon ƙanwa.
Wanda ya tsaya ɗaki,
Shi ya yi asara.

Amshin ba magana ba ce, kukan babur ne ake yi da baki, kuma a nan babu wanda ya kama ƙafata. Kafin kaka ta yi, a girbe gero, waƙar ta zagaye unguwanni. Har yaran Fulani da muke haɗuwa da su wajen tsinkar kanya a daji na ji suna yi da irin harshensu, muna yi musu dariya suna ramawa.

Da na gama rera wa 'yar ƙanena, sai ta kashe wayar.

“Baba, ka tabbata a sa wannan?”

Ni kuwa sai na hau. Na ce don ban yi boko ba shi ne za a raina mini fasaha? Na ce ta tsofaffin mata ta shiga, tawa ce za a tace? Ta sunkuyar da kai ta ce, “Allah ya huci zuciyarka, Baba. Za a sa.”

Ka san wace ce na yi wa wannan faɗa? Yarinyar da aka ɗora mahaifinta a bayan babur daga gonarsa, aka shiga daji da shi, har yau ba mu ga ko hularsa ba. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni kaina ranar da muka baro gida, kukan babura ne ya tashe mu, na bar rumbu biyu cike da kabarin kakata a baya. Za ka ce yaya aka yi ban tuna ba. Ban manta ba. Babur biyu ne a kaina, na malamin gona da na waɗancan 'yan bindigar, kuma ban taɓa bari sun haɗu a hanya ɗaya ba. Na farkon shi kaɗai ya rage mini daga garinmu wanda wuta ba ta ci ba.

Wani mai zanen allunan shaguna aka ba aikin hotunan. Na tare a rumfarsa kamar ni na ɗauke shi aiki. Na ce ya ƙara yara, ya buɗe musu baki, ya ɗaga musu hannuwa sama. Na ce na gaban nan ni ne, ya cire masa wando don gaskiya ta fito. Da littafin ya dawo daga Katsina, na sa shi a aljihun gaba na zagaye majalisa. Masu shayi suka koma kira na Farfesa, ni kuma ina amsawa.

Ranar da aka raba wa yara, 'yar ƙanena ta gayyaci tsofaffin da suka ba da waƙa su zo su rera da bakinsu. Na ari babbar riga. Na tarar da yara zaune a ƙasa, kai da kai a kan littafi ɗaya, suna bin hoto da yatsa. Na fara da tsokana, na ce duk wanda ya ƙirga haƙorana daidai zan bar masa su gado. Aji ya kwashe da dariya. Sai na ɗaga murya.

'Yan cikin gari, waɗanda ke gaba, suka karɓa da tafi. Daɗi ya kama ni, na cika kumatu na saki kukan babur, irin wanda yake fitowa tun daga ciki, yana nisa yana matsowa. Ashe har yanzu na iya. Na iya fiye da yadda ya kamata.

Ba wanda ya yi ihu. Da ma ihu suka yi, da ya fi mini sauƙi. Yaran baya, 'yan ƙauyukanmu da na wajen Runka, sai suka yi tsit. Wani ya miƙe a hankali yana duban taga. Wata ta jawo ƙanenta ta danna kansa a cinyarta, ta rufe masa baki da tafin hannu. Yadda ta yi shi, ka san ba ranar ta fara ba. Ni kuwa baitin da ke bakina a lokacin shi ne “ku fito, ku fito.” A nan ya maƙale. Na tsaya da baki a buɗe cikin rigar aro, har malamarsu ta tafa hannu ta ce a buɗe shafin waƙar daka.

Da yamma na ce wa 'yar ƙanena in za a sake bugawa a cire shafina. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce, “To, Baba,” ta zuba mini ruwa a buta. An sake bugawa, an cire. Littafin yana nan yana yawo a makarantu, an ce har Safana ya kai, yara suna rera na matata. Masu shayi sun daina Farfesa, ban san wanda ya gaya musu ba. Wani lokaci in ina zaune bakin titi 'yan acaɓa suna wucewa, nakan nemi warin nan na da, sai in ji fetur ne kawai.

Amma ba cire shafin ne yake hana ni sukuni ba. A ranar nan, da aka tashi hutun tara, ina zaune a gindin dalbejiya, sai yarinyar nan mai ƙane ta zo da littafin a buɗe. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda aka koya mata a gida. Ba fushi a fuskarta, taimako ta zo yi mini. Ta ɗora yatsa a kan yaran hoton, a kan na gaban nan maras wando.

“Kaka, wanda ya zana wanga bai iya ba,” in ji ta. “Ya juya su. Ai ba wajen babur ake gudu ba.”