Bakan Da Mannir Ya Bari A Ɗame

Kafin masu ƙosai su hura wuta a bakin titin Tsafe, Baba Labbo ya riga ya dawo daga masallaci, ya share gaban zaurensa, ya ɗebo garwashi a kasko. Sai ya zauna a kan buzu, ya zaro kyauro ɗaya daga dami, wato karan nan na bakin rafi da ake yin kibiya da shi. Ya gasa shi sama-sama, ya danna a gwiwa, ya kai shi dab da idonsa na dama, wanda shi ne ya rage masa. In ya miƙe, ya ajiye. In ya ƙi, ya jefar. Daga nan ya tashi ya bi bakunan da ke rataye a bango da man kaɗe, yana kiran sunan mai kowanne. Amma in ya zo kan wanda ke bayan ƙyaure, hannunsa yakan tsaya. Har zuwa watan jiya, shi kaɗai ne ba ya taɓawa.

A watan jiya wannan tsoho ya ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba a kira maroƙi ba. Shi ya sa na ga ya dace mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu su ji wanda suka daɗe suna wucewa ta ƙofarsa.

A wani ƙauye kusa da Kucheri aka haife shi, a can ya gaji sana'ar. Duk maharbin da ya san kansa a wannan yanki ya san bakan Labbo. Akwai na gora, mara nauyi, na mai gadin gona da birai suka dama. Akwai na icen marke, mai taurin kai, wanda sai ƙato ke iya ja. Amma wanda ransa ya fi so shi ne dogon bakan icen dargaza, wanda in ka kafa shi a ƙasa zai kai maka haɓa. Yakan ce shi ne baka mai kunya, ba ya ƙara, ba ya dukan hannun mai shi.

Sai dai ba yin bakan ne ya fitar da sunansa ba, haɗa shi da kibiyarsa ne. Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi, don haka kaurin kyauro da nauyin ƙarfen baki su ne ke riƙe ta a hanya. Baka mai ƙarfi da siririyar kibiya, sai ta tsage. Baka mai laushi da kibiya mai nauyi, sai ta faɗi a gabanka. Labbo bai taɓa ba mutum kibiya ba sai ya gan shi ya ja bakansa da ido.

Malam Buba, tsohon maharbi kuma abokin wasansa tun ƙuruciya, ya ce mini, "Wannan tsohon, in ka zo neman kibiya sai ya yi maka tambayar da ko surukinka bai yi maka ba. Mi kaka harbi? Da wane hannu? Ka taɓa karaya? Sai ka ce auren ɗiyarsa ka zo nema."

Labbo yana jin sa, bai ɗago ba ya ce, "Kai da ka yi shekara kana harbin gindin kuka kana cewa gada ce ta gudu."

Manu, wani makiyayi daga wajen Bunguɗu, ya nuna mini tabo a bayan hannunsa na hagu. Kibau ya saya a kasuwa, ya ɗana wa bakan marke da Labbo ya yi masa, kibiyar ta fashe ta shige masa hannu. Da labari ya kai, Labbo bai aika da faɗa ba. Mota ya shiga har Gusau, ya sake wata zuwa Bunguɗu, ya taka da ƙafa har ruga. Ya duba hannun, ya ga ba zai ƙara jan marke ba, ya koma ya sassaƙa masa na gora da kibau daidai sabon ƙarfinsa. Da shi Manu ya ci gaba da kore kuraye daga garkensa.

Kai ne, Baba Labbo, wanda bai taɓa tambayar mutum ko manomi ne ko makiyayi kafin ya auna hannunsa ba.

Akwai wata ƙa'ida da ya gada, kuma duk wanda ya karɓi baka daga hannunsa sai ya ji ta. Ba a barin baka ya kwana a ɗame, domin icen yakan gaji. Kuma hannun da ya ɗaura tsarkiya, wato igiyar bakan, shi ne zai kwance ta. Ba wanda ke kwance bakan wani. Sau ɗaya tak Labbo ke yin haka: ranar da mai bakan ya rasu. Iyalinsa su kawo, shi ya cire tsarkiyar ya miƙa wa matar mamacin, icen kuma ya rataye a bangon zaure. A da, bangon na tsofaffi ne. Cikin shekarun nan na 'yan bindiga, har da na samarin da ko gemu ba su tara ba. Da aka tashi ƙauyensu suka dawo Tsafe, bakunan nan ya fara ɗorawa a amalanke kafin tukwane.

Mannir shi ne ɗansa namiji guda, kuma magajin sana'ar. Kyauro ba ya fitowa a cikin gari, sai bakin fadama, fadamar kuwa ta zama wurin da ba a zuwa. Wata safiya bayan girbi kyauro ya ƙare. Mannir ya ɗauki lauje, ya ɗaura tsarkiyar bakansa na dargaza, ya rataya kwarin kibansa.

Uban ya ce, "Ajiye shi. In sunka gan ka da baka, ba za su tambayi sunanka ba."

Mai babur ɗin da zai sauke shi kusa da fadamar na ta danna hon a waje. Mannir ya yi dariya, ya rataye bakan a bayan ƙyaure yadda yake, ya ce, "To Baba. Kafin azahar na dawo na kwance shi."

An tsinci damin kyauro a bakin fadama, a ɗaure tsaf, da takalmi wari guda. Ba gawa. Ba wanda ya kira waya. An yi cigiya har Gusau, an tambayi duk wanda aka sako daga daji. Shiru.

Kwana biyu da faruwar abin, samarin unguwa suka cika zauren, idanu jajur. Suna son kibau masu dafi, za su faɗa wa wata ruga da ke bayan gari. Buba yana wurin. Ya ba ni labari cewa Labbo ya tashi ya zauna a kan damin da ɗansa ya yanko, ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ag ga wanda ya ɗauke shi? Ni ban gani ba. Ku kun gani?"

Ya dafa damin da hannu, ya ci gaba.

"To kyauron da ɗana ya yanko ba zai shiga cikin ɗan wani ba. Ku tashi ku ba ni wuri."

Wasu sun zage shi a ranar. Wasu har yau ba sa gaishe shi. Amma rugar tana nan, kuma yaran da ke cikinta sun girma.

Kai ne wanda aka ɗauke wa ɗa, kuma a makon ka tsare 'ya'yan wasu.

Bakan Mannir kuwa ya ci gaba da zama a ɗame. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yi wa maharba faɗa a kan barin baka ya kwana a ɗaure, ga shi yana kallon mafi kyawun bakan da ya taɓa sassaƙawa yana mutuwa a gabansa. Kowa ya san dalili. In hannunsa ya taɓa tsarkiyar nan, ya faɗa wa duniya ke nan cewa Mannir ya rasu.

Kuma ba shi kaɗai tsarkiyar ta ɗaure ba. Akwai Juwairiyya, matar Mannir, wadda aurensu bai rufa shekara ba abin ya faru. Ba ta yi takaba ba, domin ba a ce mata mijinta ya mutu ba. Ba ta da miji kuma, domin ba ya nan. Ita ke dafa wa tsohon, ita ke murza masa agara, jijiyar ɗaure bakin kibiya, da idonsa ya fara gazawa. Da shekarun da shari'a ta ɗibar wa mace irinta suka cika, iyayenta suka turo daga Wonaka cewa ta zo a je gaban alƙali a raba auren. Ta ce a gaya musu ba inda za ta muddin bakan nan yana ɗame. Tsohon ya ji amsar daga zaure. Ranar bai ci tuwo ba.

A watan jiya, Buba ya shigo da hantsi, ya tura ƙyaure, haske ya faɗa kan bakan. Ya matsa ya duba. Wata siririyar tsaga ta taso daga tsakiyar icen.

Ya ce, "Labbo, ya fara tsagewa."

"Na ji shi tun shekaranjiya. Ido ne ba ni da shi, ba kunne ba."

"To mi kaka jira? Ya karye ya kwance kansa, don kada a ce kai ne?"

Buba ya ce bai taɓa gaya wa abokinsa magana mai zafin wannan ba, kuma ya yi zaton za a kore shi. Labbo ya daɗe yana juya kyauro a hannu. Sannan ya ce a kira masa liman da maƙwabta bayan la'asar, a kuma ce wa Juwairiyya ta zo bakin zaure.

Waɗanda suka halarta sun ce da kansa ya sauko da bakan. Ya kafa gindinsa a ƙasa, ya sa gwiwa, Buba ya miƙa hannu zai taimaka, Labbo ya ture shi. Ya danna, ya zame tsarkiyar. Kowane baka in an kwance shi yakan miƙe. Wannan bai miƙe ba. Ya tsaya a lanƙwashe kamar har yanzu ana jan sa.

Ya naɗe tsarkiyar a yatsunsa, ya miƙa ta bakin ƙofa. "Karɓi, ɗiyata. Gobe Buba zai raka ki Wonaka. Ki je wurin alƙali."

Juwairiyya ba ta karɓa nan take ba. Ta ce, "Baba, ka ce ya rasu ke nan?"

"Ban ce ba. Wannan sanin na Allah ne. Abin da na sani shi ne ke kina da rai."

Sai ta sa hannu biyu ta karɓa.

Liman ya yi addu'a. Aka jira a ga ya rataye icen a bango tare da na mamata. Bai yi ba. Ya mayar da shi bayan ƙyaure, a kan ƙusar da mai shi ya bar shi. Washegari ya ɗaure kibiya ta ƙarshe daga damin Mannir, damin da ya yi ta tattalinsa duk shekarun nan, ya kife kaskon garwashi. Ya ce ba zai ƙara aika ɗan kowa fadama ba.

Baba Labbo, mai haɗa baka da kibiyarsa, mun gode. Mun gode da hannun Manu da ka bi har ruga. Mun gode da damin da ka zauna a kai. Mun gode da ka zaɓi ka ɗauki wannan nauyi da hannunka, don yarinyar mutane ta samu ta tafi. Allah Ya ba ka ladan haƙurinka, Ya bayyana maka labarin ɗanka, Ya dawo mana da ranar da za a yanki kyauro ba tare da an yi sallama da gida ba.

Mu kuma da muke karantawa, da yawanmu akwai wanda muka riƙe saboda namu baƙin cikin, ko wanda muke shirin hucewa a kansa alhali ba mu ga laifinsa da ido ba. Mu dubi tsohon nan mu yi koyi. In hanya ta bi da ku Tsafe, ku tsaya ku gaishe shi. Za ku same shi da safe yana bin bango da man kaɗe. Buba ya ce yanzu har na bayan ƙyauren yana shafawa, amma shi kaɗai ne ba ya kiran sunan mai shi tare da sauran.