Wasiyyar Saba a Ranar da Ruwa Ya Ƙaru

Shekarun baya, lokacin da nake jin kaina wani babban injiniya don kawai na iya jona wayoyi a bayan kwamfuta, na yi aiki da wata ƙungiyar manoman shinkafa da makiyaya a Bagudo. Ofishinmu ɗaki biyu ne. A na cikin muka ajiye saba, wato babbar kwamfutar da ba a kashewa, kullum tana gurnani a kan wutar sola. Aikinta guda ne. Muna da mutumin da ke duba mana kogi a wajen Lolo, inda ruwa ke shigo mana daga Benin. In ya ga ruwa ya wuce alama sai ya bugo, mu rubuta saƙo ɗaya, sabar ta watsa shi a wayoyin mutanen fadama da na gungu har ƙasar Kaoje. Gungu shi ne tsibirin da ke tsakiyar kogi. Can kira ba ya shiga sai da rabo, amma tes, wato rubutaccen saƙo, yakan lallaɓa ya shige, don mutane sun saba rataye wayoyinsu a reshen bishiyar da sabis ke leƙowa.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, a ɗaya daga cikin gungunan nan yake zaune da iyalinsa da shanunsa.

Ranar hutun bikin 'yancin kai ce, ƙarshen damina, kogi ya cika ya batse. Da hantsi ina kwance ina jiyo gangar fareti daga filin makaranta, sai ga abokina a kan babur. Malamin Hausa ne, kuma bai daɗe da zama sakataren ƙungiyar ba. Ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Injiniya, tashi! Mutumin Lolo ya bugo tun da sahe, ruwa na tahe da ƙarhi. Na rubuta saƙo na tura, amma ba wanda ya samu."

Mahaifiyata ta ji mu. Ta tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu ta ce, "Tun ɗazu nike kiran kawunka ba ya shiga. Kai dai ka ce min injinku na gaya musu." Na ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki, yanzun nan." Da baki kawai na faɗa.

Muna isa ofis na duba, sai na tarar rumbun ajiyar sabar ya cika maƙil, ko wurin ajiye allura babu. Abin da ya cika shi kuwa wasu manyan fayiloli ne masu suna iri ɗaya, core, kowanne da lamba a gefensa, sun jeru kamar buhunan shinkafa a sito. Na ce a raina, ashe ma wannan ne. Na share su kaf, na tayar da manhajar saƙo, na jingina da kujera ina yi wa abokina kallon ka ga aikin manya.

Ban gama hura hanci ba sai ga wani core ya fito. Ga wani. Ga wani kuma. A gaban idona rumbun ya fara cikowa, saƙo kuwa ko ɗaya bai fita ba. Na sake gogewa, suka sake dawowa.

Abokina ya sunkuyo ya ce, "Wai waɗanga abubuwa mi na?"

Na yi masa bayani a gurguje, hannuna na kan madannai. Na ce idan manhaja ta yi karo da abin da ya fi ƙarfinta ta faɗi, kafin ta mutu sai a juye duk abin da ke cikin kanta a wannan daƙiƙar a fayil ɗaya, shi ne wannan. Mu kuma mun sa wata ƙaramar manhaja da ke tayar da ita duk lokacin da ta faɗi. To tana tashi tana faɗuwa, kowace faɗuwa da fayil ɗinta, har rumbu ya cika komai ya tsaya.

Ya riƙe mini hannu. "Tsaya. Wato wasiyya ta ka bari, kai kuwa kana ta gogewa ba ka karanta ba?"

A makaranta an gaya mana amfaninsu, amma ni a iya aikina shara na ɗauke su, ban taɓa leƙa cikin ko ɗaya ba. Na dakatar da mai tayarwar, na share sauran don a sami wurin numfashi, na bar na ƙarshe. Na ce wa kwamfuta ta tsamo mini duk abin da ya yi kama da rubutu a cikinsa.

Tarkace ya yi ta gudu a allo, alamomi da lambobi marasa kan gado. Can sai ga Hausa, tsaf, a tsakiyar wannan hargitsi: "Jama'ar fadama da gungu, ruwa ya". Nan ta yanke. A ƙasa kuma lambobin waya ne a jere suna jiran layi, kuma ban yi nisa da dubawa ba na ga ta kawuna.

Wallahi sai na juya na dubi sabar. Na san ƙarfe ne da wuta, ni na haɗa shi da hannuna. Amma ga abu tun safe yana tashi, ya ɗauko maganar nan, ya kai daidai wannan gaɓar ya faɗi, a tashe shi ya koma ya sake ɗauko ta daga farko. Kuma duk faɗuwar da ya yi sai ya bar shaidar inda ya tsaya, ko Allah zai kawo mai dubawa. Na ce, "Ikon Allah!" Abokina ma ya matso yana kallon allon.

Na tambaye shi, "Malam, me ka rubuta bayan ruwa ya?"

Ya ce, "Ƙaru. Ruwa ya ƙaru."

"Da lanƙwasa?"

"To da mi? Hausa ta, ai da lanƙwasa."

Nan na gane. Tsohon sakatarenmu bai taɓa sa wa harafi lanƙwasa ba, k ɗinsa k ce kawai. Manhajar kuwa tsohuwa ce, waɗanda suka ƙera ta ba su taɓa jin labarin ƙ ba, da ta ci karo da ita sai ta shaƙe. Na hau shi da faɗa, na ce yau ranar gyaran rubutu ce, mutane na bakin halaka? Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Injiniya, in na rubuta karu ba lanƙwasa, mi matar kawunka za ta karanta mishi? Ruwa ya karu, wato an tare shi. Sai su koma su yi kwanciyarsu." Gaskiya kuwa ya faɗa.

Sai muka shiga neman maganar da babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinta, kuma ba mai yi mata wata fassara. Ku gwada ku gani, ba wasa ba ne. Na ce a rubuta ku ɗebe shanu, ya ce ga ɗ nan. Na ce a sa kalmar ƙarfi, ya harare ni. A ƙarshe shi ya samo ta da bakin mutanenmu: "Ruwa na tahe. Ku hito yanzu da iyali da dabbobi. Ku hau tudu."

Na tura, na tayar da manhajar, muka zuba wa rumbu ido. Babu sabon core. Layin lambobin ya fara raguwa, sai wayar abokina ta yi ƙara a aljihunsa, don shi ma yana cikin jerin. Ya ciro ta ya karanta saƙon da shi ya rubuta, kamar daga sama ya sauko.

Saura gungu. Har la'asar ba labari, mahaifiyata ta ƙi cin abinci, tana kan tabarma da carbi. Gab da magariba wani mai kwale-kwale ya bugo daga bakin gaɓa ya ce saƙon ya isa gungun, an fito da iyalin kawu, shi kuma yana bayan shanunsa, sun yi iyo sun haye. Kafin gari ya waye ruwa ya shanye gungun, bukkoki da shinkafar da ke gona duk suka tafi, amma ba a rasa rai ba.

Daga baya na koya wa manhajar haruffanmu, na ware wa waɗannan fayiloli wurinsu daban, na sa iyaka, sababbi kaɗan ake bari tsofaffi su tafi. Har yau kuwa ban iya share na ƙarshe ban buɗe shi ba, kuma duk sanda na buɗe sai na ji wani kwarjini, kamar na shiga ɗakin da ake jinya.

Da ruwa ya janye, kawu ya zo ofis da ƙwaryar nono. Mahaifiyata ta riga ta ba shi labari. Ya cire takalmansa a ƙofar ɗakin sabar, ya tsaya yana sauraren gurnaninta.

Ya ce, "Kai ɗan ga, sau nawa ka ce ya mutu?"

Na ce, "Ban ƙirga ba, Kawu. Da yawa."

"Kuma duk tashin da ya yi, mu ya ka nema?"

"Ku da sauran mutanen kogi."

Ya daɗe yana jinjina kai. Sannan ya durƙusa ya ajiye ƙwaryar a gabanta, ya ce a hankali, "Sannu da wahala. Ko ɗan'uwa sai haka."

Ban gaya masa cewa inji ba ya jin gaisuwa ba. A wannan lokacin ni kaina ban tabbata ba.