Sumar Tokuji da Kyanwar Masauki

Ranar da Tokuji ya aske kansa, dusar ƙanƙara ke zuba a duwatsun Yamagata kamar ba za ta tsaya ba. Watansu na uku ke nan shi da abokan aikinsa a wani ƙauye suna ɗaukar fim, shi ne mai kula da kyamara. Kullum da safe sai ya kwance ta, ya goge, ya ɗiga mata mai, ya lulluɓe ta da bargonsa kada sanyi ya daskarar da ita. Abu biyu yake taƙama da su a duniya: kyamarar nan, da sumarsa baƙa wuluk.

Sai fim ɗin da aka wanko a birni ya dawo da silin gashi yana rawa a fuskar jaruma. Sau biyu ana haka. Darakta Yonekura ya ƙura wa kan Tokuji ido, ya ce in ya sake ganin gashi, to Tokuji ya hau jirgin ƙasa ya koma gida.

Tokuji ya ari reza wurin tsohuwa mai masauki, ya fito da kai tal kamar ƙwai. Masu haska fitila suka sa shi gaba, wai bari su kashe fitilunsu tunda haske ya samu.

Da aka wanko na gaba, gashi yana nan daram.

Da rana kowa na shan miyar miso, shi ko cokali ya kasa ɗagawa. Ya tashi ɗauko baƙar jakar da yake loda fim a cikinta, wadda ya saba shanyawa kusa da murhu. Yana zura hannu ya ji abu mai ɗumi ya motsa. Kyanwar masauki ce, tana sharar barcinta.

Ya rungumo ta har gaban darakta.

"Maigida, ga mai gashin. Ita ma jirgin za ta hau?"

Yonekura ya yi dariya har ya ƙware. "Toku, ashe a banza ka yi asarar suma. Zauna ka ci abinci."

Daga ranar jakar ta koma akwati mai murfi, aka gama fim lafiya. Sumar ce dai ba ta dawo kamar da ba.

Yanzu Tokuji yana Kyoto, yana gyaran tsofaffin kyamarori a wani ɗan shago, kansa tal. Kyanwa biyu gare shi, amma iyakarsu bakin ƙofa.