Baƙon da Na Goyo Zuwa Dubai

Shekara bakwai ke nan ko takwas, lokacin ina aiki a wani ofishin kargo a Al Khabaisi, nan Dubai, kuma wallahi abin da zan gaya muku a kaina ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba. Aikina ɗaurin kaya da awo. 'Yan kasuwar Kano su sayo takalma da abaya da turare da kayan waya, mu ɗaure, mu auna, mu tura. Da na daɗe a kai sai hannuna ya zama sikeli, in na ɗaga katan na ce kilo ashirin da uku ne, a ɗora a gani, da wuya a sami bambancin rabin kilo. Wannan baiwa ce. Ɗaya abin da Allah ya ba ni kuma, wanda ba zan kira shi baiwa ba, shi ne baki. Ba na ganin abu in ƙyale, ko kyanwa ce ta gifta sai na tambaye ta ina maigidanta.

Ina da aboki, Yohanna, ɗan Kafanchan, gyaran esi yake yi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a gyaran na ofishinmu ma muka saba. Shi kuma ciwonsa yawo, irin na Turawan nan masu jakar goyo, da ya sami hutu sai ya nemi tikiti mai araha ya ɓace, ya dawo ya yi baƙi ƙirin yana ba mu labarin duwatsu. Ya yi ta damuna har na yarda zan bi shi Siri Lanka, kwana tara. Matata, Maman Siyama, ta ce in je in huta, amma kar in kuskura in dawo mata ba kirfa da ganyen shayi. Tikitin namu na talakawa ne, jaka ɗaya ta hannu, kilo bakwai, don haka na san nauyin jakata kamar yadda na san sunana.

Ƙasar ta yi mini kyau, ba zan ɓoye ba. Ko'ina kore shar, ruwa ya zubo ya ɗauke kafin ka gama neman mafaka. Muka yi ta hawa bas da jirgin ƙasa da a-daidaita-sahu irin nasu, mu kwana a ƙananan masaukai tare da Turawa da rana ta gasa musu wuya, da safe mu shiga kasuwa. Ayaba har da ja, busasshen kifi tuli-tuli, barkonon da in ka ci sai ka tuna zunubanka. Ni da ciniki kuwa ai an zo gidana, Yohanna har kunya nake ba shi.

Rana ta shida muka je wani tsohon birni da ya zama kufai, duk tsofaffin wuraren bautarsu ne na dutse, wasu da rufi wasu babu. Tun kafin wani ya tambaya, ni kallo na je yi, sallata kuma a kan lokaci nake yinta. A ƙofa ake cire takalmi da hula, dutsen kuwa da hantsi ya riga ya ɗau zafi, sai ka ga katon mutum yana ɗingishi yana neman inuwa. Muka rabu da jama'a muka zaga wani gini da ba kowa sai birai, na sauke jaka na zauna a gindin matakala. A gefen matakalar an sassaƙa wani ɗan gajeren mutum mai tumbi, hannuwansa sama, kamar shi ke riƙe da dutsen da ake takawa, ruwan sama ya cinye rabin fuskarsa. Da na gan shi sai na ga ɗan'uwana ɗan dako.

Kun san yadda muke tsokanar yaron maƙwabta in mun tashi tafiya, mu ce za ka bi ni? To shi na yi. Na ce, "Kai gajere, sannu da aiki. Shekara nawa kana ɗauke da kayan mutane ba albashi? Taso mu tafi Dubai, hau bayana." Har da buga kafaɗata. Yohanna ya yi dariya ya ce, "Bakin nan naka, wata rana sai ya saya maka abin da ba ka da wurin ajiyewa."

Na miƙe na saɓa jaka, sai na ji gwiwoyina sun amsa. Na ce Yohanna ya sa mini dutse, ya rantse bai taɓa ta ba. Na zazzage ta a ƙasa, riguna uku, sallaya, caja, ƙullin kirfa, shi ke nan. Na mayar, na ɗaga da hannu, kilo bakwai. Na goya, wajen ashirin. Kuma ku ji, duk wanda ya yi dako ya san nauyin kaya daban, nauyin mai rai daban. Kaya ƙasa suke janka. Wannan kuwa riƙe ni yake, in na karkata ya gyara zama, in na hau tudu ya lafe.

A kasuwar da ke bakin kufan muka tsaya shan ruwan kwakwa, irin tasu mai ruwan ɗorawa. Tsohuwar da ke sayarwa ta sare guda uku. Yohanna ya nuna mata yatsu biyu, ba ta ko kula shi ba, ta miƙa masa ɗaya, ta miƙo mini ɗaya, ta zagayo ta ajiye ta ukun a kan benci ta bayana. Ba ni take kallo ba, saman kafaɗata take kallo, tana irin murmushin da ake yi wa ɗan mutane. Da muka tashi, kuɗin biyu ta karɓa. Ta ukun ban ɗaga ta ba, don na san in an shanye ta hannuna ba zai yi mini ƙarya ba, ni kuma a lokacin ba na son jin gaskiya.

Sauran kwanakin haka na yi su. In na sauke jaka in ji sakayau, in na goya ya dawo. Na yi ta addu'o'in da na sani, na kuma lallashi kaina cewa jijiya ce ta riƙe. A filin jirgi aka ɗora jakar a sikeli, kilo bakwai cif, na ce to alhamdu lillahi, ko mene ne a can zai tsaya.

Na iso gidanmu a Satwa bayan la'asar. 'Yata Siyama lokacin shekararta uku da 'yan watanni, kuma muna da al'ada ni da ita, in na dawo sai in tsuguna a bakin ƙofa, ta rugo ta zagaya ta ɗare bayana, in kai ta kicin wajen uwarta. Ranar na jefar da jaka na tsuguna, sai na ji nauyin bai bi jakar ba, yana nan. Ta rugo da ihunta, ta zagaya, sai ta ja ta tsaya.

Ta ce, "Baba, ba wuri."

Na ce, "Wurin me, uwata?"

Ta ce, "Ka ce ya matsa." Ba tsoro a muryarta, haushi take ji an zauna mata a wuri. Can kuma sai ta karkata kai ta yi murmushi, ta miƙa hannu saitin kafaɗata, ta buɗe baki ta ce, "Zo mu..."

Ban san lokacin da na toshe mata baki da tafin hannuna ba. A nan tsoro ya kama ni, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba, kuma ba don kaina ba. Na san yadda aka yi ya hau ni, gayyata ce, yarinya 'yar shekara uku kuwa ko tattabara ta gani sai ta ce ta zo su yi wasa. Na miƙa ta ga uwarta, na zube tsarabar a ƙofa, na ɗau jakar na fita. A kan matakalar bene na yi wa Maman Siyama bayani. Ta yi salati, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Bakinka ko?" Na ce shi ne.

Kwana goma sha ɗaya na yi a ɗakin su Yohanna, a katifar ƙasa. Na je wajen wani malami a Deira ya yi mini addu'a, na sha tofi, ban bar karatu ba. Gaskiya ɗaya ce, abin bai taɓa cutar da ni ba, ba mugun mafarki, ba ciwo, barcina nake yi har da minshari in ji Yohanna. Yana nan ne kawai, shiru, kamar yaron da barci ya ɗauke a goye. Abin da ke cina shi ne waya. Na hana a kira ni ta bidiyo, sai murya, kullum Siyama ta ce, "Baba, yaushe za ka zo?" in ce gobe. Ina da nisan tafiyar minti ashirin da 'yata amma ba ni da ikon zuwa.

Wadda ta fitar da ni Hajiya Balaraba ce, wata dattijuwar 'yar kasuwa daga Kano da ke zuwa sarin turare tun kafin in yi gemu. Ta shigo ofis ta ga ina tafiya a duƙe, ta ce, "Ɗan nan, wa ka goyo haka?" Da wasa ta faɗa, ni kuwa na zauna a kan katan na zayyana mata komai. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma razana ba.

Ta ce, "To ai kai ne ba ka da ta ido. Kai ka ce ya zo, yanzu kuma kake neman a kore shi? Baƙon da aka gayyata ba a korarsa. Sallamarsa ake yi, a ba shi guzuri, a taka masa."

Na ce, "Hajiya, in taka masa zuwa ina?"

Ta ce, "Inda ka ga zai sami hanyar gida mana. Yalla, auna mini kayana."

Direban ofishinmu, Nimal, mutumin Siri Lanka ne, kuma a makon zai tafi hutu. Ban ɓoye masa komai ba, don ba zan ɗora wa mutum abin da bai sani ba. Ya kaɗa kai irin kaɗawarsu da ba ka gane e ce ko a'a, sannan ya ce baƙon nan na ƙasarsu ne, zai kai shi har gindin matakalar.

Ranar tafiyarsa da safe na zuba dabino da 'yar kwalbar turare a jakar, na goya, na kama hanyar filin jirgi a ƙafa, tunda rakiya a ƙafa ake yinta. Daga ofishinmu ba nisa can, amma da zafin Dubai kafin in isa rigata ta jiƙe sharkaf. Na sami Nimal a zauren masu tafiya, cikin cunkoson jama'a da kaya. Na juya fuska ga wani ginshiƙi, na yi ƙasa da murya, na yi magana da Hausa. Na ce, "Malam, na gode da ziyara. Wasa na yi, ban san za a amsa ba, ka yafe ni. Ina da 'ya ƙarama, wurin nan nata ne. Ga ɗan ƙasarku zai kai ka gida, ga guzuri a jaka. Ka gaida mutanen gida."

Na ɗan jima ba abin da ya faru. Sai na ji riƙon ya saki, kafaɗar dama tukuna, sannan ta hagu, ya sulale ta bayana a hankali. Saura kaɗan in kifa, don na saba turawa gaba. Kuma ku yi mini dariya in kun so, har da 'yar kewa na ji. Na cire jakar na ba Nimal, muka yi sallama.

Tasi na hau zuwa Satwa. Na ƙwanƙwasa, na tsuguna. Siyama ta fito, wannan karon ba da gudu ba, ta zagaya bayana, ta leƙa ta dama, ta leƙa ta hagu. Sai na ji hannuwanta a wuyana. Na miƙe da ita, kilo goma sha uku, ba ƙarin ko giram ɗaya. Na kai ta kicin, na dawo da ita falo, na sake kai ta kicin, hawaye na zuba, uwarta ta juya ga tukunya ta yi kamar ba ta gani ba.

Bayan kwana huɗu Nimal ya turo saƙon murya. Ya ce ya cika alkawari, ya je har wurin, ya ga ɗan gajeren a gefen matakala, ya ajiye jakar da dabinon. Amma ya ce in yi haƙuri, shi fa tun da ya karɓe ta daga hannuna bai ji nauyin komai ba, ya riƙe ta, ya goya ta, iska ce kawai. Ina cikin maimaita wa Maman Siyama, yarinyar tana ƙasa tana jera murafan kwalba, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Ai ba ya son jaka, Baba. Goyo yake so."

Har yau ban san inda ya sauka ba. Abin da na sani, a zauren nan ya bar bayana, wurin da kowane minti wani ke juyawa ya ce wa wani zo mu tafi, wani uban kuma ya tsuguna ya ce wa ɗansa da ya gaji ya hau. In na raka baƙo filin jirgi yanzu, sai in kama kaina ina kallon bayan mutane, ina duba wanda ke tafiya a duƙe alhali jakarsa ƙarama ce.

Don haka 'yan'uwa, ku yi yawo, duniyar Allah da faɗi, ku ci kasuwa ku ga kufai. Amma in kun shiga tsohon wurin mutane, ku yi addu'arku ku kama bakinku. Kar ku ce wa komai ya biyo ku, ko da dutse ne, ko da wasa ne.