Ranar Da Baba Ya Kashe Mota

Matso ka ji. Ɗazu injin niƙa ya yi wani tari irin na tsohuwar motar Baba, na kasa zama. Mai kujera biyu ce, ya saya hannun wani Bature mai komawa gida. Kullum in ya taso daga Kurfi sai ya biyo gidana, amma ba ya kashe ta.

"Baba, zauna ka ci tuwo mana!"

"In na kashe tsohuwar nan, ke za ki tura?"

A tsaye yake shan ruwa, yana warin fetur. Rannan sai na ji shiru. Ya shigo, ya zauna, ya cinye tuwon. Sati bai zagayo ba ya rasu. Allah Ya ba shi hutu. Da kai ne ka ji shirun nan, murna za ka yi ko kuka?