Farin da ke cikin idon jikata

Shekarun baya ne wannan, shekarar da aka karya darajar sefa, damina guda bayan rasuwar maigidana. Ina zaune a Madarunfa tare da ɗana da matarsa da ɗiyansu mata biyu. Babbar tana da shekara uku, ƙaramar tana goye.

A lokacin nan duk unguwarmu, in idon yaro ya yi ja, wurina ake kawo shi. Ban taɓa taka ƙofar lakkwal ba, wato makarantar boko, amma kwallin da nake niƙawa har daga Safo ake aiko a karɓa, ni kuma kaina ya yi girma da hakan.

Wata safiya babbar jikar ta tsaya a bakin ɗaki, haske ya faɗa mata a fuska, sai na ga tsakiyar idonta na hagu ta yi fari tana sheƙi kamar idon kyanwa. Na taɓa ganin irinsa. Ɗana na fari, tun ina yarinya a gidan miji, haka nasa ya fara, idon ya kumbura ya fito, bai kai shekara huɗu ba. A lokacin an ce baki ne. Na rufe zancen, ko uban yaran nan bai san yana da wa da ya rasu ba.

Da surukata ta nuna mini idon, sai na ce mata yanar ido ce, kwalli zai wanke ta. Na ƙara da cewa ta bincika can wajensu, don mu a zuri'armu babu mai ciwon ido. Ta sunkuyar da kai.

Wata huɗu ina zizara wa yarinyar nan kwalli. Idon ya karkace, ya yi ja, ta daina cin tuwo. Ranar nan uwar surukata ta taso daga garin Sarkin Yamma, ta dubi jikarta, ta dube ni, ta ce gobe sai asibitin Maraɗi ko da yardata ko babu. Na bi su ne don kada a ce an tafi ba da ni ba.

Likitan ɗan Damagaram ne, mai magana a hankali. Ya haska idon ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce ciwon daji ne, kuma sai an cire idon. Ɗana ya jingina da bango. Ni na miƙe na ce a gaya mini abin da yarinyar ta ci ko ta taka.

Ya ce ba ta ci komai ba. Ya ce jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kowace tana rabuwa biyu, da haka yaro ke girma. Amma Allah Ya sa wa kowace ƙwaya dabaibayi biyu irin na jaki, ɗaya gadon uwa, ɗaya gadon uba, su ke tsayar da ita in rabuwar ta isa. In ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙewa. Ranar da na biyun ya tsinke a ƙwaya guda, ita da duk abin da ta haifa ba mai tsayar da su, sai su yi ta yawa suna ƙara lalacewa har su bi jijiyar ido zuwa cikin kai. Ya ce wani yaron tsautsayi ne ke tsinka masa duka biyun. Wani kuwa da tsinkakke guda ake haihuwarsa, gado ne, kuma wanda ya ba shi gadon yana iya zama lafiya lau.

Sai ya nuna jaririyar da ke bayan uwarta.

"In gado ne, wannan ma tana cikin haɗari, yau zan sa a yi mata allurar barci in duba cikin idonta. Akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo a dangi?"

Uwar surukata ta ce ita dai a wajensu ba ta taɓa ji ba. Ɗana ya ce babu. Surukata ta ce ai Inna ta riga ta faɗa, babu. Likita ya jawo takarda ya fara rubutu, ya ce to a kawo jaririyar bayan girbi.

Ga matar da na ɗora wa zuri'arta laifi tana zaune daf da ni. Ina kallon ƙafar jaririyar tana lilo a gefen zani, ina lissafa watannin da suka rage kafin girbi. Har likita ya ajiye alƙalami.

Na ce, "Akwai. Ɗana na fari."

Ɗana ya juyo ya ce, "Inna, wane ɗan?"

Na ce wansa, kuma ba baki ba ne ya kashe shi. Na ba da labarin duka a tsaye. Sai uwar surukata ta kwance goyon daga bayan ɗiyarta ta miƙa mini, ta ce, "Hajiya, ke za ki riƙe ta a yi allurar."

An samu ɗigo a idon jaririyar na dama, likita ya ce bai kai ƙwayar gero ba. Ya rubuta mana takarda zuwa wani asibitin ido a Najeriya, aka bi ta iyakar Ɗan Issa da ita, can aka kashe ɗigon ba a cire idon ba. Babbar kuwa an cire nata, amma ciwon ya riga ya bi jijiya. Ba ta ga daminar gaba ba.

Na sha tambayar kaina ko wata huɗun nan ne suka ci ta. Likitan ya ce Allah kaɗai Ya sani, ni ma haka nake faɗa, amma na san abin da na ɓoye da dalilin ɓoyewar.

Ɗana ya rasu, uwar surukata ma haka, Allah Ya jiƙansu. Saura ni da surukata, wadda har yau ba ta taɓa yi mini gori ba, sai kuma jaririyar nan. Tana aure a Safo da ɗiya uku, kuma kowannensu kafin a yi arba'in an kai shi an haska idonsa. Ni ke rakiya, kuma in likita ya tambayi tarihin dangi, ni ke fara magana.