Motar da Aka Sunkuyar Domina

Kafin ƙuguna ya lalace, wata ba ya ƙarewa ban je Dapaong ba. Can Inna take, mahaifiyata, ni kuma aure ya kawo ni Sokode. Maigidana direba ne a wannan hanya, da tsohuwar motarsa mai dogon baya, mai cin mutum tara da kayansu. Kamar sauran motocin tasha, an ɗaga gindinta sama don ta ɗauki buhunan albasa cikinta bai taɓa ƙasa ba. Da ina da lafiya ban taɓa lura da tsayinta ba.

Santsin damina ne ya kayar da ni a bakin rijiya. Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa, ƙashi ya kama, amma ƙafar dama ta ƙi ɗaguwa fiye da taƙi guda. Ranar farko da na ce zan je gida, na tsaya a ƙofar motar ina ta kokawa, 'yan tasha suka taru suna kallo. Wani mai lodi ya ce, "A ɗauke shi mana, a sa shi ciki!" Sai na ji kamar da buhu ake. Maigida ya miƙo hannu zai ɗaga ni, na buge hannun. Na koma gida da sandata, na rantse da Allah ba mai ɗaukata sai ranar da za a kai ni kushewa. Bakina ya fi ƙafata sauri tun ina yarinya.

Wata bakwai ban ga Inna ba. Ita ma tsufa ya hana ta doguwar tafiya. Sai dai ta aiko mini da daddawa da gaisuwa, ni kuma in shiga ɗaki in yi kuka.

Wata rana da hantsi na ji motar a ƙofar gida, na leƙa, na ga ta durƙusa kamar raƙumi. Bakaniken maigida, wani dattijo Bakotokoli mai faɗa, ya biyo shi har gida don ya kawo mini ƙara.

"Uwargida, ki yi ma mijinki magana. Ya sa na cire sifirin mai kyau, ƙarfen da ke ɗaga motar, na sa wanda na yanke. Mota ya sauka, to, amma amotisa zai mutu."

Amotisa shi ne ƙarfen nan mai mai a ciki da ke shanye girgizar mota. Dattijon ya tsuguna a gabana, ya yi taku uku a haka, yana nishi. "Kin gani? Haka amotisa zai tafi Dapaong ya dawo, a tsugune. Ba wurin lanƙwasa kuma. Rami ɗaya, ƙarfe ya bugi ƙarfe, mai ya zube."

Maigida buɗe ƙofar motar kawai ya yi, ya ce mini, "Bismillah, gwada mu gani."

Na juya baya, na zauna, na jawo ƙafar da hannuna. Shi ke nan, ina ciki. Daɗin da na ji ya hana ni sauraron dattijon, ko da yake na ji duk abin da ya faɗa.

Gaskiya kuwa ya faɗa. Amotisan da ke yin shekara da wani abu, ko wata uku bai kai ba ya fara zubar da mai. A lokacin ne kuma ƙasar ta rikice da neman a buɗe wa jam'iyyu hanya. Aka shiga dogon yajin aiki, shagunan Lome, babban birni, suka rufe, mutanen can suka yi ta gudowa arewa da katifu a ka. Kayan mota suka daina zuwa. Maigida ya koma bin makabartar motoci yana tsintar tsofaffin amotisa, kowanne ya yi 'yan makonni ya bi ɗan'uwansa. Ya daina ɗaukar albasa, don buhu biyu sun isa su sa motar ta riƙa shafar kwalta. A tasha aka sa mata suna motar amarya. Nama ya ragu a miyarmu. Duk ina gani, na yi kamar ban gani ba, don ina zuwa wurin Inna ba wanda ya taɓa ni.

A wata tafiya, kafin mu kai garin Mango, muka tarar an gindaya gungumen itace a hanya, an yi shinge saboda rikicin. Masu shingen suka duba mu, suka ce mu bi ta gefe. Motocin gabanmu suka haye tudun bakin hanya lafiya lau, tamu kuwa ta ɗora ciki a kai ta tsaya. Kowa ya sauka, har da ni. Masu shingen da fasinjoji, waɗanda ɗazu suke harare-harare, suka haɗu suka cicciɓe ta suna dariya. Maigida ma yana dariya, amma na ga yadda ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashinta. Daga nan har Dapaong tsalle take yi da mu, kowane rami sai na ji shi a haƙorana.

Da muka isa, ya gaida Inna daga bakin zaure, ya koma waje. Ina cikin ba ta labarin hanya sai ta ɗaga labule. Maigida yana kwance a ƙarƙashin mota cikin rana tsaka, ƙafafunsa kaɗai ake gani, yana naɗe amotisa da tsohuwar robar taya. Tafin takalminsa ya huje.

Inna ta tambayi abin da ya sami motar, na faɗa mata, har da ɗan alfahari. Sai ta ce, "Ke 'yar nan, ashe kunya kika ce kina ji? Mutum ya sunkuyar da abin da kuke ci da shi saboda ke. Da ya ɗauke ki a gaban mutane da ya kwanta a ƙasa a gaban mutane, wanne ya fi zama abin kunya?"

Na ce ai na rantse.

Ta ce, "Rantsuwa tana da kaffara."

Na ji haushinta ƙwarai, irin haushin da ake ji in an faɗa maka gaskiya.

Da muka koma Sokode na yi azumi kwana uku, ban gaya wa kowa dalili ba. Rana ta huɗu na dogara sanda har garejin dattijon, na ce ya mayar da sifirin na asali. Ashe ya adana su a bayan ƙofa, har da shafa musu mai. Ya ɗaga hannu sama ya ce, "Alhamdu lillahi, yau gidanku an samu mai hankali ɗaya." Maigida ya so ya yi gardama, na ce masa ƙugun nawa ne.

Ranar kasuwa muka sake shirin Dapaong. Tasha cike take, motar na tsaye da tsayinta, an ɗaure mata albasa har sama. Na isa bakin ƙofa. Na miƙa wa wata fasinja sandata, na juya na dube shi.

"Maigida, ɗauke ni."

Ya goge hannuwansa a jikin rigarsa sau biyu. Ya sa hannu ɗaya a bayana, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyina, ya ɗaga ni a hankali. Ban san ko an kalle mu ba, don fuskata na cikin wuyansa, ina jin warin man inji da sabulu. Ya kai ni bakin kujera, amma bai ajiye ni ba.

Na ce, "To, sauke ni mana, mutane na jira."

Ya ce, "Su jira."